Sunan da Umma ba ta kamawa

Daren Laraba, Nuwamba 1975

Yau matar council, Baturiyar hukumar kula da yara ta nan ƙasar Turawa, ta zo gidanmu. Makaranta ce ta turo ta, wai ba na magana a aji. Baba yana wurin karatu, sai na zama tafinta.

Ta tambayi Umma sunana. Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke, faɗa mata mana." Ni ce 'yar fari, ta yaya za ta kama sunana? Matar ta sake tambaya, wai ko Umma takan rungume ni. Umma ta ce, "Ikon Allah! Ke, miƙa mata shayi."

Na san kara ce irin tamu, amma Turancin ya maƙale mini. Na tsaya ina kallon ƙasa. A bakin ƙofa matar ta raɗa mini cewa akwai gidajen da ke karɓar riƙon yara irina, za ta dawo Litinin.

Umma ta ce me ta ce? Na ce ta yaba shayin.

Ɗazu Umma ta lulluɓe ni da bargonta, ta ɗauka na yi barci. Ita da zane kawai ta kwanta.

Litinin ko muryata na rawa, sai na yi magana.