Rijiyar da Na Kai Barkiya

Daren Laraba, Afrilu 1978. Dutsin-Ma.

Na dawo daga Barkiya jikina a sanyaye. Na je ne in ga rijiyar da na sha wuya a kanta a majalisar ƙaramar hukuma, har muka daina gaisawa da kansilan Birchi don shi ma yana so. Ga ta nan an ɗaure ta da siminti, ruwa garai-garai, amma babu mace ko ɗaya a bakinta.

A hanyar rafi na haɗu da Goggo Hajjo, yayar babana, da tulu a ka, tana haki. Na tsayar da babur na ce, "Goggo, mi ya hana ku rijiya?"

Ta ce, "Kai Audu, a ƙofar masallaci fa ka sa aka gina ta, inda dattawa ke wuni. Wace mace za ta duƙa tana jan guga surukinta na kallo?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ranar zaɓen wuri maza na tara, suka nuna gindin ɗorawar da suke zama, na ce madalla. Masu ɗibar ruwan kuwa ban tambaye su ba. Ciyaman ya riga ya ce rabon Barkiya na bana ya ƙare.

Na raka ta gida. Ta ba ni ruwa a ƙoƙo, na rafi, ja wur. Ta tsaya a kaina har na shanye.