Ƙanzon Kabewar Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin ajiye taurin kai kin je an duba ta. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Maman yara na gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Duk sanda kika kira kika tambayi jikin Inna, tana zaune a gefena, ba abin da zan iya cewa sai da sauƙi. To babu sauƙi, Yaya. Tana ci, tana sha, tana takawa da ƙafarta, amma mantuwar ta yi nisa. Maman yara ta koma baiwar Allah a bakinta. Ni kuwa, Autan nan nata da kike yi wa gorin an goya shi har ƙafarsa na jan ƙasa, Malam take ce min yanzu. In na dawo daga shago sai ta gyara mayafi ta yi min sannu da zuwa irin ta baƙo.

Abu ɗaya ne yake dawo min da ita, kabewarta 'yar zuma. Kin tuna ta, 'yar ƙarama mai kaushin baya, cikinta kamar gwaiduwar ƙwai. Bara duk ranar da muka dafa ta yadda Inna ke yi, manyan yanka ba a fere ba, ruwa kaɗan a gindin tukunya, ɗan gishiri, wuta a hankali har ta kama ƙasa ta yi ƙanzo, da ta kai 'yan lomomi sai ta ɗago ta kira ni Auta, ta hau yi min faɗan ban aske sumata ba. Kafin a wanke kwano ta sake ɓace min. Amma da wannan ɗan faɗan na ja shekara.

Bana na shuka irin da na ajiye a toka da hannuna. Yaɗo ya cika bayan gida, 'ya'ya suka fito manya-manya, har ina cika baki cewa tela ya fi manomi iya noma. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo. Da muka fasa ta farko, cikinta fari fat, ruwa tsundum, ba zaƙi ko na misali. Muka fasa wata, muka fasa wata, duk kanwar ja ce. Na dafa haka nan na kai wa Inna. Ta taɓa, ta ture kwanon, ta yi wa Malam godiya.

Ban san abin da ya sami irin ba. Amma na tuna kwalbar irin kabewar da Inna ta cusa miki a jaka shekarun baya da za ku tashi, kina ta mitar ba ku da filin shuka. Don Allah ki duba. In yaranki ba su soya sun cinye ba, ki aiko min da ita ko ƙwaya nawa ce.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta


Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar taki ya sauka. Kwalba ta iso, Allah ya saka da alheri. Ashe rashin zubar da tarkacenki yana da rana, na janye duk tsiyar da na taɓa yi miki a kansa.

Na gano abin da ya faru, kuma da ban gano ba da na fi samun barci. Na ɗauki ɗaya daga cikin kabewar banzan nan na kai wa tsohon da ke sayar da iri a bakin kasuwa. Ya juya ta, ya tambaye ni ko akwai mai wata kabewar kusa da mu. Akwai mana. Direba maƙwabcinmu ya zo da irin wata ƙatuwa daga tafiye-tafiyensa, ya shuka a jikin katangarmu tun bara. Tsohon ya ce ƙudan zuma ne suka kwaso garin furen waccan suka zuba a tamu. A shekarar farko ba a ganin komai, kabewa na nan da zaƙinta, a cikin 'ya'yan ne abin ke ɓuya sai an sake shukawa. Ya ce mai son irinsa ya tsaya yadda yake, ɗaure furen yake yi tun da yamma kafin ya buɗe, da safe ya tsinko namijin ya goga wa macen da hannunsa, ya sake ɗaurewa.

Yaya, kin tuna jan zare? Kin tuna yadda Inna ke zuwa shago duk damina ta durƙusa ƙarƙashin keken ɗinki tana tsintar guntayen jan zare, ina tsokanarta wai yanzu kabewa ma ɗinki ake yi mata? Ba ta taɓa yi min bayani ba, sai dai ta ce in ba ta zarenta in ji da abin da ya dame ni. Mu duka mun ɗauka al'adar tsofaffi ce, irin ta kore baki. Bara da ciwo ya hana ta fita bayan gida, na yi shuka, na yi ban ruwa, na cire ciyawa, zaren ne kawai ban ɗaura ba, alhali ga shi nan danƙam a shagona.

Direba da ya ji labari, bawan Allah, ya tuge tasa gaba ɗaya ya zo yana ba ni haƙuri. Ba laifinsa ba ne, kuma ihu ne bayan hari.

Irinki ya tsufa. Na zuba shi a ruwa, mafi yawa suka taso sama, babu komai a cikinsu. 'Yan ƙalilan da suka nutse na shuka kusa da wurin wanke-wanke inda ƙasa ba ta bushewa, tunda ruwan sama ya ɗauke. Kullum sai na leƙa kafin in tafi shago, har Maman yara na cewa ko ita ban taɓa yi mata irin wannan zaryar ba.

Inna ta fara manta hanyar ɗakinta. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Auta


Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji saƙonki, kuma na gode da maganin. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ba ni da labarin da ya cancanci takarda ne.

Cikin duk abin da na shuka, ɗaya ce ta rayu. Wasu ba su tsiro ba, wasu tsutsa ta datse su tun suna ganye biyu. Wannan ɗayar na kewaye ta da tsohon gidan sauro, na barbaɗe gindinta da toka, na yi wa kajin gida dokar ta-ɓaci. Ta yi yaɗo, ta fara fure, amma duk maza. Da macen ta fito, mai ɗan ƙullutu a ƙarƙashi, sai ya zamana babu namijin da ya buɗe a ranar, ta yi yaushi ta faɗi. Haka muka yi ta saɓani kamar masu gaba.

Wata yamma ina durƙushe ina ƙoƙarin ɗaure wata macen, zaren na ta kuɓuce min, ni da nake zura zare a allura ido rufe. Inna na zaune a tabarma tana kallona. Sai ta taso, ta karɓe zaren daga hannuna, ta tattara bakin furen da yatsu uku ta ɗaure shi sako-sako, ta bar wutsiya yadda za a ja da safe ya warware. Ko kallon hannunta ba ta yi ba. Na tsaya ina jira. Ta miƙo min sauran zaren ta ce Malam ya riƙa yi a hankali, fure ba buhu ba ne. Na shiga banɗaki na yi kukana, ba zan ɓoye miki ba.

Wannan furen nata shi ne ya kama. Yanzu kabewar ta kai girman kan jariri, bayanta ya fara kaushi, 'yar zuma ce sak.

Ga abin da ke cina. Maganar Inna na raguwa kullum, wani lokacin ta wuni ba ta haɗa zance ba. Maman yara ta ce in yanke kabewar yanzu tun Inna na iya magana. Amma ɗanya ba ta da zaƙi, kuma 'ya'yanta ba su ƙosa ba. In na yanke, ba Inna ba iri. Dole sai mariƙinta ya bushe, sannan a ajiye ta a inuwa ta ƙara kwana biyu zaƙin ya zauna, haka Inna ke yi. Na ce zan jira. Ban san ko daidai na yi ba, kullum dai kabewar na gaba, Inna na baya.

In da hali ki zo, ko da ba za ta gane ki ba.

Ƙaninki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara, Allah ya ba ƙafarki lafiya. Na fahimci dalilin rashin zuwanki, kada ki sa wa ranki damuwa.

Mun dafa kabewar ranar da ba na zuwa shago. Ni na fasa da kaina. Yaya, ita ce. Launin nan, ƙamshin nan da ke cika tsakar gida, har Direba ya leƙo ta katanga yana tambayar me ake dafawa. Na kwashe 'ya'yan na shanya, na jera yankan a tsohuwar tukunyar Inna, na zauna gaban wuta ban ɗaga ba har ta kama ƙasa. Na yi wanka, na sa riga mai kyau. Sumar kuwa da gangan na ƙi askewa, don ta sami abin faɗa.

Na kai mata, na zauna a gabanta. Ta ci. Ta daɗe ba ta ci abinci haka ba, har tana lumshe ido tana suɗe yatsu. Ta ce wannan ita ce kabewa, duk wanda ya noma ta ya san zare. Daga nan ta ɗago ta dube ni sosai, ta daɗe tana dubana.

Sai ta tambayi Malam ko akwai ƙanzo. Na kawo mata tukunyar. Ta kankare shi tas da cokali, ba ta kai ko ɗan kaɗan bakinta ba, ta ƙulle a gefen mayafinta. Ta ce tana da wani yaro, Auta, tela ne, ƙanzon kabewa ne abin da ya fi so a duniya, tun yana ƙarami yake faɗa da yayarsa a kansa. Ta ce ya daɗe bai zo duba ta ba, amma ba ta riƙe shi a rai ba, aiki ne ya yi masa yawa. Ta kwance ƙullin ta juye min a tafin hannu, ta roƙe ni don Allah in na bi ta wajen shagonsa in ba shi, in ce masa ya leƙo ko sau ɗaya ne.

Na ce mata zan kai masa. Na sa takalmi na fita don ta ga na tafi. Na buɗe shago na zauna a kan keke da ƙanzon a hannu, na ci shi duka, tunda saƙo ne kuma ya iso ga mai shi.

Sauran kabewar mun dafa mata washegari da jibi, ta ci, ba ta gane ni ba. Na daina jira, Yaya. Ba na jin akwai abin da zai sake dawo da ita.

Ga rabin irin nan a kwalbarki, ya bushe sarai, na zuba masa toka. Na sa miki jan zare a ciki. Ki samu ko tsohon bokiti ne ki shuka, ki ɗaure da yamma, ki goga da safe, ki koya wa yaranki dalili. Nawa rabin na ajiye, ban sani ba ko zan iya shukawa.

Tun ranar, duk sanda na shigo gida sai Inna ta tambaye ni ko na ga yaron. Nakan ce na gan shi, yana gaishe ta, yana nan tafe.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Auta