Ni Na Sa Aka Goge Wutar

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, da murya na aiko, mai shafi ya rubuta. A ɓoye sunana. Ku ji ni zuwa ƙarshe kafin ku zage ni.

Direba ne ni, hanyar Filinge zuwa Abala. Motata ta fara mutuwa in ta yi zafi, wata wuta kuma ta kunnu a gaban sitiyari. Na kai ta garajin wani makanike, bari in ce masa Isufu. Yana da na'urar nan da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwon inji. Ya jona, ya duba, ya ce, "Kaftar ce, wadda ke gaya wa inji lokacin ba da wuta. Ta kusa mutuwa. Tun da aka rufe iyaka babu ita a nan, sai an aiko daga Yamai. Kada ka hau hanya."

Ranar akwai rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya jiran kowa. Na riga na yi lodi. Wani dattijo mai fataucin shanu, Alhaji Mamman, yana gidan gaba, shi ne ma ya ga wutar ya ce ba zai tafi da ita a kunne ba. Na koma garaji na ce wa Isufu ya goge ta. Ya ce, "Gogewa ba gyara ba ne, babban yaya." Na shaƙe wuyan rigarsa, na buga shi da bango, na ce ya goge ko in fasa na'urar a kansa. Ya goge. Na koma tasha na nuna wa Alhaji, ya ce madalla.

Mun yi nisa cikin daji, injin ya ɗauke. Mu ne a ƙarshe, ayari ya wuce. Ina ta murɗa makulli sai ga 'yan bindiga a kan babura. Ba su tambayi komai ba. Sun harbe Alhaji a kujerarsa, jininsa ya wanke mini fuska. Sun kwantar da mazan da ke baya a ƙasa. Ni na faɗa cikin wani kwazazzabo da harsashi a cinya, ina jin fasinjojina suna kiran sunana, ban fito ba.

A likita 'ya'yan Alhaji suka tambaye ni me ya faru. Me ya hana ni yin shiru? Na ce makanike ne ya ce mota lafiya lau. Suka je garaji da sanduna. Sun farfasa na'urar, sun karya masa hannun dama da haƙarƙari, da ƙyar maƙwabta suka ƙwace shi. Aka kawo shi ɗakin da nake, gado kusa da gado. Ya dube ni ya ce, "Babban yaya, ya ƙafa?" Na juya fuskata bango.

Har yau bai faɗa wa kowa ba. Tsorona yake ji, ko rufa mini asiri yake? Ban sani ba. Babban ɗan Alhaji ya ɗaga adda a tasha ya rantse cewa ranar da aka sallami Isufu ba zai kai gida ba, kuma na san shi, ba ya rantsuwar banza. An ce ranar kasuwa za a sallame shi.

In na yi magana, addar nan kaina za ta dawo, kuma ina da iyali. In na yi shiru, na kashe mutum na ƙara. Jama'a, me zan yi kafin ranar kasuwa?