Ranar da Jiragen Seoul Suka Tsaya

Zuwa ga ƙanina Dal-su,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mun iso gida Mokpo, idan ka damu ka sani.

Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata. Tun bara Umma take mafarkin ganin fadar sarakuna da hasumiyar Namsan. Na kawo ta Seoul, garin da kake tuƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai muka tarar direbobi sun shiga yajin aiki, har da kai! Ko a wasa ba ka faɗa mana ba.

Ka san abin da muka sha? Tasha cike maƙil, jirgi sai jifa-jifa, in ya zo ko yatsa ba za ka cusa ba. Wani mai kwat ya bangaji Umma, ƙunshin shinkafarmu ya watse a ƙasa, aka bi ta kansa. Na ja ta muka haura matakala, tana hawa tana haki. Tasi babu. Bas ɗin da muka samu ya maƙale a cunkoso, ga ku can kan titi da jan ƙyalle a goshi kuna ihu. Da muka isa fada an rufe ƙofa. Umma ta dafa bango ta ce, "To, ai mun ga katanga."

Tsohuwa ta ƙetare ƙasar nan don ta ga katanga. Ka ji kunya.

Yayarka da ka wulaƙanta,
Bok-hi

*

Yaya Bok-hi,

Ina gaishe ki da girmamawa, a miƙa gaisuwata ga Umma.

Kin iya zagi tun muna yara, amma ba ki iya tambaya ba. Na kira gida tun kafin ku sayi tikiti, kina kasuwa. Umma ce ta ɗauka. Na ce mata za mu ajiye aiki, ku ɗage tafiyar zuwa bazara, ni da kaina zan zaga da ku. Ta ce, "Na ji, zan gaya wa yayarka." Je ki tambaye ta.

Waya kuwa na daina ɗauka ne tun da kika ce mini maci amana a gaban abokan aikina. Kina tsammanin shagali muka fita yi? Ana so mutum ɗaya ya yi aikin biyu, ido na rufewa, ga ɗaruruwan rayuka a bayansa. Ni ba zan jira sai na kashe uwar wani ba.

Wahalar Umma ta ƙona mini rai. Amma laifin da ba nawa ba, ba zan ɗauka ba.

Ƙaninki,
Dal-su

*

Dal-su,

Gaisuwa. Na tambaye ta.

Tana yankan kabeji na karanta mata takardarka. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Gaskiya ya faɗa." Na yi tsalle na dire, na ce me ya sa ta bar ni na ja ta cikin wannan azaba? Sai ta ajiye wuƙa ta ce, "Bazara ta yi mini nisa."

Dal-su, idanunta ne. Likita ya gaya mata tun kaka cewa ganinta yana tafiya, kuma ba aikin da zai dawo da shi. Ta ɓoye mana. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban lura ba, ina ta faɗa wai ta cika zubar da shayi.

Yanzu ban san da wa nake fushi ba. Da ita, da kaina, da kai ma har yanzu, don da ka sake kira da ni za ka samu. Ta ce kada in gaya maka. Ga shi na gaya maka.

Yayarka,
Bok-hi

*

Yaya,

Na gaishe ku.

Ba zan koma aiki ba sai an sasanta, kada ki roƙe ni. Amma na ari motar wani abokina. Ranar Asabar ina ƙofar gida da safe. Ki haɗa mata kaya masu kauri, saman Namsan akwai iska.

Ke ki zauna a baya. In faɗan bai ƙare ba, hanya doguwa ce.

Dal-su