Bakinta Ya Ce Da Sauƙi

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

An sa ranar tiyatar Siddiƙa, Alhamis. Duwatsu ne a matsarmama, za a buɗe ciki a cire ta gaba ɗaya. Ta karɓi maganar kamar an ce mata gobe za a yi ruwa.

Bayan likitan fiɗa ya fita sai wata yarinya ta shigo, Dakta Obiageli, wai ita ce likitar sa barci. Ba ta kai 'yata Raihana shekaru ba. Bincike suke yi. In mun yarda, ana iya sa Siddiƙa cikin waɗanda ake yi wa wata allura a bangon ciki, ana kallo ta na'ura, ta kashe zafin wurin yankan tun kafin mutum ya farka. In ba mu yarda ba, sai yadda aka saba: a ba da magani, in zafi ya yi yawa majinyaci ya faɗa a ƙara.

Na bar ta ta gama. Na gaya mata, da Turancin da ya girme ta, kada ƙurar waken da ke rigata ta ruɗe ta. Kimiyyar sinadarai na karanta, na yi aiki a ɗakin gwaji na kamfanin magani a Kaduna har ya rufe. Mun ga abin da gwaji ya yi wa yara a Kano. Matata ba ɓera ba ce.

Ta ce tana so ta ji daga bakin mai jikin. Na fassara. Siddiƙa ta ce, "Abin da Malam ya ce."

Laraba, 8 ga Mayu

Na rufe rumfar wakena a kasuwar Ogbete, nan Enugu, da wuri. Wai gobe da safe za su ba ta ruwa mai sikari kafin a shiga da ita, wai sabon bincike ya nuna ya fi a bar mutum da ƙishi. A zamaninmu ko yawu ba ka haɗiyewa. Kowace shekara da sabon ilminsu, maƙabarta kuwa ba ta daina cika ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

An yi. Ta farka.

Juma'a, 10 ga Mayu

Nas ta zo da safe: "Mama, how body?" Siddiƙa ta ce da sauƙi. Na ce, "Better."

Daga baya likitar ta zo da tambayarsu ta yara: daga sifili zuwa goma, zafin nawa ne? Na juya mata da Hausa. Siddiƙa ta ce, "Ni ban san ciwo da lamba ba, Malam. Ka ce mata da sauƙi, alhamdu lillahi." Na ce uku. Likitar ta tsaya tana kallonta, ta sake tambaya ko na tabbata. Na tambaye ta ko ita ce za ta koya mini Hausa.

Suna so ta tashi zaune, ta ja numfashi sosai, ta yi tari. Ta ce gajiya ce, a bar ta zuwa gobe.

Asabar, 11 ga Mayu

Da sauƙi. Uku. Ba ta ci komai ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Zazzaɓi. Numfashinta sama-sama kamar na kaza a rana.

Raihana ta iso daga Fatakwal da azahar, ta bar shagonta na kasuwar Mile 3 a hannun maƙwabta da Allah. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ɗaga zanin rufa. Hannun uwarta na riƙe da ƙarfen gado, farcen ya yi fari. Ban san tun yaushe ba. Ni fuska nake kallo.

Ta ja ni baranda. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini.

"Baba, me kake ce musu?"

"Abin da ta ce."

"Ranar da aka binne Imrana, da mata suka tambaye ta, me ta ce?"

Imrana. Ɗanmu na fari. Da sauƙi ta ce, ina tsaye a ƙofa.

"Ka taɓa jin Bahaushen da aka ce masa yaya jiki ya ce babu sauƙi? Gaisuwa ce, Baba. Gaisuwa ka kai musu a matsayin awo."

Ta tafi ta sami nas, suka yi ta Inyamuranci. Ban ji ko ɗaya ba. Shekarun da na yi a Enugu ban ga dalilin koyonsa ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Ciwon huhu. Likitar ta yi bayani: yankan yana ƙarƙashin haƙarƙari, in yana zafi mutum ba ya cika huhunsa, ƙasan huhun ya kwanta, majina ta taru. Na san wannan. Da an tambaye ni a jarrabawa da na ci.

An mayar da ita ɗakin masu tsanani, an sa mata iskar oksijin. Na tambaya ko da an yi waccan allurar da ba a kai nan ba. Ta ce ba ta sani ba, abin da suke binciken su gano ke nan. Na so ta ce e, in sami abin da zan riƙe. Ko ta ce a'a. Ta ƙi ba ni ko ɗaya.

Talata, 14 ga Mayu

Ƙanen Siddiƙa, Zailani, ya kira daga Onitsha. "Yaya mai jiki?" Na ji bakina ya ce da sauƙi.

Alhamis, 16 ga Mayu

Har yanzu ta ƙi faɗar lamba. Ta ce wa Raihana ita ba za ta kai ƙarar Ubangijinta wurin nas ba. Na kawo mata maganar malamai, cewa gaya wa likita ciwo ba raki ba ne. Ta ce, "To, Malam." To ɗin da na sani.

Raihana ce ta samo hanya. Ta ce, "Umma, bakinki ya yi godiyarsa, ba mai hana shi. Hannu kuma ba ya magana. Ki ɗora shi a kan zani kawai."

Likitar ta zo. Aka tambaya. Siddiƙa ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A kan zanin, yatsu biyar na dama, uku na hagu.

Takwas. Ni na ce uku.

Na fita na tsaya wurin masu okada, 'yan acaɓar garin nan, har aka yi ruwa aka ɗauke.

Asabar, 18 ga Mayu

An canja mata magani, ana ba ta a kan lokaci, ba sai ta roƙa ba. Ta yi tari yau, da matashi a kan ciki, hawaye na zuba. Shida. Zazzaɓin bai sauka ba. Ba wanda ya ce mini za ta fita, ba wanda ya ce ba za ta fita ba.

Likitar ta tambaye ni yadda ake rubuta "da sauƙi". Wai akwai Hausawa da dama cikin waɗanda suka auna, lambobinsu duk ƙanana, abin yana damunta. Na rubuta mata, na nuna mata ƙugiyar da ke kan ƙ. Ba don bincikensu ba. Ba na son a ɓata rubutu ne.

Talata, 21 ga Mayu

Raihana ta koma Fatakwal, yaranta na jira. Saura ni.

Oksijin na nan a hancinta. Huɗu yau. Na ƙirga sau biyu kafin in faɗa.

Da la'asar, ina ɓare mata lemo, ta ce, "Malam, kai fa? Yaya ƙarfin jiki, yaya gidan?"

Na ce lafiya lau, da sauƙi.

Ba ta kalli fuskata ba. Hannuna take kallo, wanda ke kan gwiwa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah sarki."

Tsufa ne. Yatsu na buɗewa da kansu.