Zaɓen da Ba a Ƙirga Ba: Tambayoyin Wani Uba Daga Kutama

Zuwa ga Mai Girma Wakilinmu a Majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Yaya ɗawainiyar jama'a? Allah ya taimaka, ya sa a sauke nauyi lafiya.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Malam Haladu, daga wani ƙauye a mazaɓar Kutama. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yanzu noma nake yi, da yamma kuma ina taya ƙanena karantarwa a Islamiyya. Na rubuto a fili ne saboda tambayoyin da nake ɗauke da su ba nawa ne ni kaɗai ba.

Wata safiya ina ƙofar gida ina gyara ƙotar fartanya, rediyo na gefena, sai aka sako muryarka daga zauren majalisa. Da Turanci ka yi, mai gabatarwa ya fassara. Abin da na fahimta shi ne kana neman a ba matasa wuri a harkar mulki, a daina tunawa da su ranar zaɓe kaɗai, a kuma tabbatar ana ƙirga ƙuri'ar kowa. Na ajiye fartanyar na ƙwala wa ɗana Nazifi kira. Ya zo ya saurara a tsaye har aka gama, sannan ya dube ni ya ce, "Baba, wannan da wa yake?" Ya hau kekensa ya tafi gona.

Bari in faɗa maka dalilin tambayar tasa. Nazifi ya yi karatun aikin gona, ya dawo gida bai samu aikin gwamnati ba, ya kama noma tare da ni. Akwai wani kwalbati a hanyarmu ta zuwa kasuwar Gwarzo da ruwa ya cinye, duk damina sai masu babur su sauke fasinja a tsallaka da ƙafa. Ranar da wata mata mai naƙuda ta kusa rasa ranta a wurin, Nazifi ya bi gida gida ya tara samarin ƙauyukanmu uku. Suka yi ta jidar dutse da tsakuwa da amalanken shanu har suka cike wurin. Daga nan ne samarin suka ce shi suke so ya tsaya musu takarar kansila.

Da ya zo neman izinina, mahaifiyarsa ta ce a'a, siyasa ba ta 'ya'yan talakawa ba ce. Ni ne na ce ya je. Ni na koya masa a aji huɗu yadda ake zaɓen monita, kowa ya jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda yake so, a zazzage a gaban aji a ƙirga. Ba zan koya wa yaro abu da alli ba, in zo in hana shi da ya girma.

Ranar zaɓen fid da gwani muka tafi Gwarzo tun da hantsi, ni da shi da wakilan mazaɓa da za su kaɗa ƙuri'a. Muka zauna a inuwar katanga. Aka yi azahar, ba akwati, ba takarda. Gab da la'asar wata mota ta tsaya, wani mutum da ban sani ba ya fito da takarda a hannu, ya ce manya sun zauna an yi masalaha, ya karanta suna ɗaya. Wani dattijo daga cikin wakilan ya ce, "Alhaji, to mu me ya kawo mu?" Mutumin ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, daga sama ne." Ya koma mota. Nazifi ya hana samarinsa ko da ɗaga murya, ya sa suka watse lafiya. Da muka iso gida ya zaro katin zaɓensa ya miƙo mini, ya ce in ajiye, tunda ni na ce yana da amfani.

Ban ce da hannunka a wannan ba, ranka ya daɗe, domin ban sani ba, kuma ba zan ɗora maka abin da ban gani ba. Wanda aka ba takarar ma ɗalibina ne, yaron kirki, mai yiwuwa da an ƙirga shi zai ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a ƙirga ɗin ba. Ga tambayoyina.

Ta farko. Idan ka gama magana a majalisa ka zauna, ina maganar take zuwa? A rediyo an ce an miƙa batun ga kwamiti. Na koyar da sunayen rassan gwamnati shekara da shekaru, amma gaskiya ban taɓa sanin abin da ke faruwa a cikin ɗakin kwamiti ba. Su wa ke zama? Kana ciki? Suna kiran mutane irin ɗana su ji ta bakinsu, ko takardu kawai ake karantawa? Akwai ranar da aka yanka musu su dawo da amsa? Idan sun yi shiru, wa ke da ikon tambayarsu? Ba gatse nake yi ba, so nake in sani, don in iya bayyana wa wanda ya tambaye ni.

Ta biyu. Zaɓen gaskiya da ka yi magana a kai, daga ina yake farawa? Na sha tsayawa a layi a filin makarantarmu ranar babban zaɓe, na ga an ƙirga a gabanmu, na yaba. Amma idan sunan da ke kan takardar a ɗaki aka zaɓe shi, me muka zaɓa ke nan? Shin dokar da kuke gyarawa tana shiga cikin gidan jam'iyya, ko a bakin ƙofa take tsayawa? Ita kuma masalaha, na san ta a sulhun gona da na aure, inda ake zaunar da kowane ɓangare a ji ta bakinsa. Ba wanda ya kira Nazifi, ba wanda ya nemi ya janye. A ka'idarku, ana yin masalaha ba tare da mai haƙƙi ba? Kuma wannan "sama" da aka ce daga can ne, ina ne? Mu nan a wurinmu kai ne sama. Idan akwai wata saman a kanka, muna son mu san ta.

Ta uku. Wane ne matashi a bakin majalisa? Na ga an raba wa samari babura da kekunan ɗinki a Kabo, na kuma yi murna, domin na san gidajen da abin ya rufa wa asiri. To wanda ba babur yake nema ba, kujerar da zai gyara kwalbati da ita a hukumance yake nema, shi ina nasa layin?

Ta huɗu, ita ce ta fi ba ni mamaki. Maganarka ta dace da abin da ya same mu kamar kana tsaye a inuwar katangar nan tare da mu. Wa ya ba ka labari? Ko kai ma an taɓa karanta sunan wani a gabanka kana saurayi? Idan haka ne, me ya hana ka jefar da naka katin? Wannan amsar ce nake ganin za ta fi yi wa ɗana amfani.

Roƙona guda biyu ne. Ka sa a fassara abin da ka gabatar kan matasa da zaɓe zuwa Hausa, tare da bayanin inda kowanne ya kwana, a karanta a rediyo, a liƙa a mazaɓu. Sannan idan kun samu hutu, ka zo Kutama wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba jiniya, ba rabon komai. Za mu shimfiɗa tabarmi a filin makaranta, samarin nan su tambaye ka, ka amsa abin da ka sani, wanda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Na ɗauki alkawarin ba wanda zai yi maka rashin kunya.

Ina gaggawa ne saboda wani abokin Nazifi ya samo masa aikin lodi a Fatakwal, kuma samari huɗu daga cikin waɗanda suka jidi dutsen nan sun ce ƙafarsu ƙafarsa. Na roƙe shi ya jira amsarka. Ya ce, "Zan jira har a kai dawa rumbu, Baba." Ranka ya daɗe, jiya na zagaya gona, dawa ta fid da kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa abin da kake faɗa a zaure ya iso har ƙofar gidajenmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Malam Haladu, tsohon malamin firamare,
Mazaɓar Kutama.