Hannunka Bai Kai Kunne Ba

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma sai dai in karanta maka, kana ɗinkin taru kana cewa in taƙaita.

Bana ruwa ya cika har ya cinye shinkafar bakin gaɓa. Albasa dai ta yi. Jirginka yana nan a kife, Inna ta hana a sayar.

Ka tuna ranar da mai ɗibar yara zuwa makarantar boko ya zo tsibirinmu da jandarma, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba? Ba mai takardar haihuwa, sai aka jera mu, kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Ni da dogon hannuna na taɓo. Kai da ka girme ni ka yi ta miƙa har wuyanka ya karkace, bai kai ba. Aka ce ka yi ƙanƙanta, sai baɗi. Har ka koma ga Allah baɗin ba ta zo ba. Wane ma'aikaci zai sake shiga jirgi saboda 'ya'yan masunta?

Kai ke zuwa Malanville ɗaukata duk hutu. Da na zama malamin lekol, wato makarantar boko, kana kirana mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami da faransanci, ka ce gidanmu dai ba a cin mushe. Ina dariya. Ban taɓa gaya maka ba, a cikin jirgin nan na fi jin kaɗaici. Kana ba ni labarin ruwa, ni kuma kaina cike da faransanci, na rasa abin da zan ce wa ɗan'uwana.

Yanzu sojojin da ke mulki kullum suna magana a rediyo, wai makaranta ta kowa ce. Na roƙa a tura ni tsibiri, ko a rumfar kara in koyar. Aka ce ba aji, ba hanya, in zauna Gene inda nake.

Shi ya sa na ɗauko 'yarka Hadiza, na sa ta makaranta a nan. Tun da uwarta ta yi aure a Gaya, ita kaɗai ta rage wa Inna. Inna ta ƙulle mata kayanta a ɗankwali, ta ƙi rako mu bakin ruwa.

Yarinyar tana ganewa sosai. Amma da la'asar sai ta zauna bakin titi tana kallon manyan motoci, ta tambaye ni ina kogin garin nan yake. Ina ganinta ina tuna kaina, kuma abin yana yi mini ciwo. Na yi daidai, Yaya? Da kai ne, za ka raba tsohuwa da jikarta?

Masu kawo kifi kasuwa sun ce har yanzu Inna tuwon mutum biyu take tuƙawa, ta rufe kwano ɗaya ya kwana. Na ji, na yi kuka. Amma ba zan mayar da Hadiza ba.

Allah ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Ƙanenka,
Idi